Yadda Ake Rataya Allunan Shanye Sauti a Silin Ɗin Situdiyon Gida

Ka shiga ƙananan situdiyoyin da matasa ke buɗewa a ɗakunan gida a Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos da Gangare, abu ɗaya za ka yi ta gani. An bi bango huɗu an manna soso, wani har da kwalin ƙwai, an shimfiɗa kafet, amma silin yana nan fayau yadda magini ya bar shi. A ɗauki murya, a zauna a yi miksin, wato haɗa murya da kiɗa a daidaita su, a ji ta zam-zam a cikin ɗaki. Da an sa waƙar a mota ko a waya sai muryar mawaƙi ta fito kamar daga cikin randa. Sai a ɗora laifi kan makirfo ko kwamfuta, alhali sau da yawa mai laifin yana bisa kai.

Ga abin da ke faruwa. Sauti na cin kusan mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska yana digiri 20, wato kusan irin yanayin da muka saba da shi a nan. Ka ɗauka kana zaune, kunnenka da sifika duk suna mita 1.2 daga ƙasa, tsakaninku ma mita 1.2, silin kuma yana mita 2.8. Sautin da ya taho maka kai-tsaye mita 1.2 kaɗai zai yi. Wanda ya tashi sama ya bugi silin ya dawo kunnenka zai yi kusan mita 3.4, saboda haka zai iso a makare da kamar kashi 6 cikin 1,000 na sakan. Wannan jinkirin ya yi ƙanƙanta, kunne ba zai ji shi a matsayin amsa-kuwwa ba, haɗe su yake yi wuri guda. Da sun haɗu, wasu sautukan su kumbura, wasu su kashe juna. Kai kuma da ke gaban kwamfuta sai ka riƙa ƙara abin da ba ya son ƙari, kana rage abin da lafiyarsa ƙalau. Makirfo ma haka take fama, ta ma fi shan wahala, domin mawaƙi a tsaye yake, bakinsa ya fi kusa da silin.

In kana son ji da kunnenka, kashe fanka, tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In bayan tafin ka ji wani siririn amo yana zirrr, ga shi kuma bangonka a rufe yake, to tsakanin tayil da silin sautin ke kai da komowa.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai abin da ya kamata ka sani don kada ka yi zargin an cuce ka. Allunan shanye sauti da za mu rataya a silin, gyaran sautin cikin ɗaki suke yi. Ba za su hana ka jin ruwan Agusta yana dukan kwano ba, balle ranar da aka yi ƙanƙara, kuma ba za su hana maƙwabci jin kiɗanka ba. Hana ƙara shiga ko fita aiki ne na nauyi da toshe kafofi, shi kuma wani babi ne daban mai cin kuɗi.

Fara da leƙa abin da ke bayan silin

Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Allon da za mu haɗa zai kai kilo 8 zuwa 10, kuma a saman kan mutum zai kwana ya tashi shekara da shekaru. Silin ado ne, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Mai ɗaukar kaya shi ne abin da ke bayansa, ko kankare ko katakon rufi. Duk ƙugiyar da ba ta kai ga ɗayan biyun nan ba, ba ta kama komai ba, ko da ka ja ta da hannu ka ji ta daram a ranar farko.

In ɗakinka ƙasan bene ne, dekin ne a samanka, aikinka ya zo da sauƙi. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali, za ka ji shi tim, babu kogo.

In POP ne, ka sani shi kansa a rataye yake, kuma kaurinsa bai taka kara ya karya ba. Sukuru zai shiga cikinsa sumul, ya zauna kamar ya kama, sannan girgizar bes, wato sauti mai kauri, ta riƙa cin bakin ramin a hankali har ranar da zai zare. In PVC ne, falle-fallen roba ne aka buga a jikin tubaitu, wato katako mai inci 2 da 2. Kana iya zare guda ɗaya daga gefe ka haska tocila ka ga yadda katakan suka kwanta.

Akwai kuma tsofaffin gidaje, waɗanda Jos ke da su da yawa, masu silin na asbesto: fararen alluna masu tauri da aka rufe mahaɗinsu da siraran katako. Wannan kada ka huda shi, kada ka yanka, kada ka goge shi da sanfefa. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. In kana shakka ko shi ne, ɗauka shi ne, ka bi hanyar da zan faɗa a gaba wadda ba a taɓa silin ko kaɗan.

In akwai ƙofar shiga cikin silin, shiga da safe kafin kwano ya ɗau zafi. Kashe wutar gidan daga babban makunni, sa takunkumi, kuma kada ka taka komai sai manyan katakan da ke ɗauke da rufi. Abu uku kake nema: inda manyan katakan suka bi, inda wayoyin wuta suka bi, da ko gara ta ci wani wuri. Soka bakin sukurdireba a katakon, in ya nutse ba wuya, wannan ba abin rataya kaya ba ne. Ka duba kwanon ma ko akwai inda haske ke shigowa, domin nan ne ruwa zai ɗiga.

Mai haya kuma ya je ya sami mai gida tun yanzu, ya yi masa bayani da bakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda allon zai zauna

Gyara mazauninka tukuna, domin allo bin kujera yake yi. Tebur ya fuskanci guntun bango, ya zauna daidai tsakiyar faɗin ɗaki, hagu da dama su zo ɗaya. Kujerarka kada ta faɗo a tsakiyar tsawon ɗaki. Masu wannan sana'a sukan fara gwadawa daga kashi 38 cikin 100 na tsawon, a auna daga bangon gaba, wato a ɗaki mai mita 4 kunnenka zai zo wajen mita 1.5. Sifiku biyu da kanka su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya.

Sai ka samo ƙaramin madubi da abokin aiki. Kai ka zauna yadda kake zama in kana miksin, shi ya hau tsani ya kwantar da madubin a jikin silin yana jan sa a hankali. Duk inda ka hango sifikar hagu a cikin madubin, ya sa alama da fensir, haka ma ta dama. Nan ne sauti ke bugawa ya dawo maka. In kunnenka da sifika tsayinsu ɗaya, alamar za ta faɗo daidai rabin hanya tsakaninku, kuma in kusurwar ukun mita 1.2 ce, alamun biyu za su yi tazarar santimita 60 da juna. Alluna biyu masu ƙafa 4 da ƙafa 2, a jere kafaɗa da kafaɗa, sun rufe wurin har da rara. Uku sun fi, domin ba a sandare mutum yake zama ba, yakan jingina baya, yakan sunkuya gaba.

Wuri na biyu shi ne saman inda mawaƙi ke tsayawa. Allo ɗaya ya isa ga mutum ɗaya. In kana ɗaukar 'yan amshi su uku ko huɗu a makirfo ɗaya, ko mai kalangu, sa biyu. In kuɗinka na alluna biyu ne kacal kuma ɗaukar murya ce abincinka, miksin a wani wuri ake yi maka, to fara da saman makirfo.

Fanka takan shiga tsakani. Fikafikan babbar fanka suna share kusan mita 1.4, kuma allo na bukatar ya nisance su da aƙalla ƙafa ɗaya. A ganina, a gari mai sanyi irin Jos, ka cire ta ka sayi ta tsaye. Dama ba a ɗaukar murya fanka na juyawa.

Abin da za a cusa a ciki

Abin da ya fi dacewa shi ne audugar dutse, wadda 'yan kasuwa ke kira rokwul, ko audugar gilashi mai tauri. Masu sayar da kayan rufe bututun AC da ɗakin janareta su ne ke da ita, in ba ka samu a gari ba sai ka yi oda daga Abuja ko Legas. Tana zuwa falle-falle, santimita 120 da 60. Nemi mai nauyin kilo 45 zuwa 60 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, a rubuce yake a jikin ledar. Kaurin da kake so santimita 10 ne, wato inci 4. In mai santimita 5 ka samu, ɗora biyu. Wadda aka manna wa takardar alminiyam a fuska ɗaya, ɓare takardar, ko ka nemi marar ita.

Dalilin kauri shi ne wannan. Auduga na cin sauti ne in iska na kai-kawo a tsakanin zaruruwanta, gogayyar ta cinye ƙarfinsa. Daf da jikin silin kuwa iska kusan ba ta motsi, sai an ɗan matso ƙasa take motsi sosai, kuma gwargwadon kaurin sauti gwargwadon nisan da za a matso. Soso mai santimita 5 da aka manna a silin sai daga wajen 1,700 Hz zuwa sama yake aiki da ƙarfinsa (Hz ma'aunin kaɗawar sauti ne a sakan ɗaya, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), wato sirarun sautuka kawai yake kwashewa. Allo mai santimita 10 da aka bar wa sarari santimita 10 a bayansa yana kamawa sosai tun daga wajen 430 Hz, kuma yana taimakawa har ƙasa da haka, inda dagulewar murya take. Wannan sararin na baya kyauta ne, ba ka sayi komai ba amma ka kusan ninka aikin allonka. Shi ya sa ake ratayawa maimakon mannawa.

Kwalin ƙwai ba ya yin komai da za a kira gyara. Soson katifa kuwa ina roƙon ka da ka nisance shi, musamman a sama. Yana kama wuta nan take, yana narkewa yana ɗigowa, hayaƙinsa guba ne. A watan Janairun 2013, a garin Santa Maria na ƙasar Brazil, wuta ta kama soson da aka manna a silin ɗin wani gidan rawa don sauti, mutum fiye da 240 suka rasu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su. Mu da wutar lantarki ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga ɗaki cike da wayoyi, ga ƙofa ɗaya, bai kamata mu rataya irin wannan a kanmu ba. Audugar dutse ba ta cin wuta.

Haɗa firam

Je Kasuwar Katako ka nemi farin katako marar nauyi, kuma busasshe. Ɗaga biyu ka gwada, mai nauyi da sanyi a hannu ɗanye ne, da hunturu ya busa zai murɗe ya buɗe mahaɗi. A goge maka shi a inji ya dawo faɗin santimita 10, kauri santimita 2. Cikin firam ɗin ya zama 120 da 60 cif, ko ya gaza da rabin santimita don audugar ta shiga a matse. A haɗa kusurwoyi da gam da sukuru biyu-biyu. Kusa ita kaɗai ba ta isa ba.

Tunda a kwance allon zai rayu, auduga za ta so ta lotso ƙasa ta yi wa yadi tumbi. Maganinsa a gitta siraran katako biyu ko uku a fuskar da za ta kalli ƙasa, ko a ja ragar kejin kaji a buga ta tamau. A bayan kuma a gitta katako biyu masu ɗan ƙwari, kowanne santimita 20 daga ƙarshe. A shafa maganin gara, a bar shi ya sha iska a waje har warin ya fita.

A nan za ku ɗan yi ja-in-ja da kafinta, domin hannunsa ya saba rufe bayan kowane akwati. Gaya masa tun farko: "Oga, bayan nan a buɗe nake son sa, kada a sa filawud." Zai ce maka ba zai yi ƙarfi ba. Nuna masa katakan gicciyen, su ne ƙarfin. In aka rufe baya da filawud, sararin da za ka bari a sama ya tashi a banza.

Ranar cusa auduga a tsakar gida za a yi, ba cikin ɗaki ba. Sa safar hannu, riga mai dogon hannu, tabarau da takunkumi, domin tana sa ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙar ƙurarta. Wuƙar yanka burodi mai haƙora tana yanka ta sumul. Kada ka danne ta don ta shiga, a sake take aiki. Kafin yadi, shimfiɗa siririn faiba irin na masu kujeru a fuskar ƙasa, shi zai tare ɓurɓushi kada ya riƙa zubo maka.

Yadi kuma gwajinsa a baki yake. Kara shi a leɓe ka hura, in iska ta wuce ka ji ta a tafin hannunka ba tare da ka yi nishi ba, ya yi. Akoko yana yi, buhun algarara mai tsabta yana yi, yadin auduga marar sitati yana yi. Shadda mai ƙyalli da leda da duk abin da aka shafa wa roba ba sa yi. Shimfiɗa yadin a ƙasa, kifa firam a kai, fara bugawa da sitefula daga tsakiyar dogon gefe, ka koma ɗaya gefen ka ja ka buga, sannan guntayen gefuna, kusurwoyi su zo ƙarshe. Bayan ma a rufe shi da yadi mai araha saboda ƙura.

Sai ƙugiyoyi huɗu masu zobe a bayan allon. A ɗaura su a jikin dogayen katakan firam, kamar santimita 20 daga kowace kusurwa. Fara huda ƙaramin rami wanda bai kai kaurin ƙugiyar ba don kada katakon ya tsage, kuma zaren ya shige aƙalla santimita 4. Kada a ɗaura a ƙarshen katako inda aka yanke shi, nan zare ba ya kamawa.

Sa alama da huda sama

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanki kwali daidai girman allon, ka huda shi a inda ƙugiyoyi huɗun suke. Ku kara kwalin a silin, alamun madubi su faɗo cikinsa, ku auna daga bango don ya miƙe, sannan ku sa fensir ta cikin hudojin. Bayan an sauke, auna daga alama zuwa alama a gicciye ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, aikinka a miƙe yake.

A dekin, abin tsoro shi ne fayif ɗin wayar wuta da aka binne cikin kankare. Yawanci daga ƙwan fitila ko ƙugiyar fanka yake tashi ya nufi bangon da makunni yake, ko ya nufi wata fitilar. Kauce wa waɗannan layukan, in kuma mai wayarin ɗin gidan yana kusa, kira shi ya nuna maka. Kashe wutar ɗakin, ka ja wa injin huda wuta daga janareta ko ka yi da mai batir. Kada ka yi amfani da fisha ta roba, ita ta rataya hoto ce a bango, inda nauyi ke danna ta gefe. A sama kuwa nauyi zare ta yake yi kai-tsaye. Abin da kake so shi ne bol ɗin ƙarfe mai buɗewa a cikin rami in an ɗaure shi, mai zobe ko ƙugiya a kai, na milimita 6 ko 8. Dekin ɗin gidajenmu yawanci inci 6 ne, ramin santimita 5 zuwa 6 ya wadatar, kuma filasta ba ta cikin lissafi, daga kankare ake ƙirgawa. Naɗa salatif a bakin hudar don ka san inda za ka tsaya. In ka ji inji ya tsaya yana kuka, ka ci karo da rodi ne, kada ka tilasta, matsa santimita 3 ka sake. Busa ƙurar ramin da ɗan tiyo kana kau da fuska, saka bol, ɗaure da sifana har ya yi tauri.

A POP ko PVC da ke ƙarƙashin kwano, da wuya alamunka su faɗo daidai kan babban katako, kuma ƙananan tubaitu ɗin da aka buga silin a jiki kusa ce kawai ke riƙe da su. Abin yi shi ne a shiga ciki a ɗora tubaifo biyu, wato katako mai inci 2 da 4, a gicciye bisa manyan katakan rufi, daidai saman alamunka, a ɗaure su da sukuru. Sannan a huda ƙaramin rami a silin, wanda sarƙa za ta wuce kawai, a zagaya sarƙar a jikin tubaifo ɗin a kulle ta da bol da noti. Da haka nauyin yana danna katako ne daga sama, babu kusar da ake ja. In POP ɗin a ƙarƙashin dekin yake, sai an yanka ɗan wuri da hannu da inji za su shiga, a sa bol a kankare, a sauko da sarƙa, mai POP ya zo ya toshe.

Ga mai haya da aka hana shi huda, da mai silin na asbesto, da wanda ya tarar gara ta gama da katakon rufinsa, ga hanyar da na fi natsuwa da ita. A tsayar da tubaifo huɗu a jikin bango, biyu hagu biyu dama, ƙafafunsu a ƙasa. A ɗora wasu biyu a kansu daga bango zuwa bango, a kan gefensu ba a kwance ba, ko fayif ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci 2 in akwai mai walda kusa. Sai a ɗora allunan a bisa, a kama su da sukuru. Nauyi duka ƙasa yake sauka. Sukurun da za a sa a bango na hana jirkicewa ne kawai, saboda haka ko bulon mai rami ne ba damuwa. Ranar tashi ka kwance kayanka ka tafi da su.

Gwajin jarka

Kada allo ya hau sai kowace ƙugiya ta ci jarrabawa. Cika jarka mai lita 25 da ruwa, kilo 25 ke nan. Ɗaura mata igiya mai ƙwari, ka rataya ta a ƙugiyar yadda gindinta zai tashi daga ƙasa da kamar yatsa uku kacal, don in ma abin ya zare ba ta da nisan faɗuwa. Kafin ka saki nauyin, ja layi da fensir a jikin bol ɗin daidai inda ya haɗu da silin. Ka koma gefe, kada ka tsaya a ƙarƙashi, ka ba ta minti 15. In ka dawo ka ga layin fensir ya sauko ko da kaɗan, ko garin siminti a kan jarkar, ko ka ji katako na ƙara, wannan ƙugiyar ta faɗi, a sake mata wuri. Allo mai kilo 10 a ƙugiya huɗu, kowacce kilo 2.5 take ɗauka, ka ga wadda ta riƙe jarka ta riƙe ninki 10 na aikinta.

Ratayawa

Sarƙa ka sayi wadda aka yi wa walda a kowane zobe, mai kaurin milimita 3. Ta ado da ake rataya fitila ko tukunyar fure, wadda aka lanƙwasa bakinta kawai, tana buɗewa a hankali. Yanka guda huɗu ka ƙirga zobbansu su zo ɗaya, ka bar rarar zobe biyu ko uku don gyara. Lissafa tsawon ƙugiyar sama da ta ƙasa a ciki, yadda tsakanin bayan allo da silin zai zama santimita 10. In ɗakin na da tsayi, kai shi 15 ko 20. A silin mai mita 2.8, allon zai tsaya a wajen mita 2.6, ba wanda zai buga kai.

Aikin mutum biyu ne, uku ma ya fi. Kwashe sifiku da kwamfuta daga ƙasan wurin tukuna. Ku ɗaga allon tare, a maƙala sarƙoƙi biyu na gefe ɗaya, ɗaya ya ci gaba da tallafe shi, a maƙala sauran biyun, sannan a saki a hankali. Ɗora ma'aunin lebur na birkila a jikinsa ta tsawo da ta faɗi. In wata kusurwa ta sauko, ɗaga ta da zobe ɗaya. Taɓa kowace sarƙa, duk wadda ka ji sako-sako ba ta ɗauke da komai, 'yan'uwanta ne ke yi mata aiki, a gyara ta. In komai ya daidaita, bi duk ƙugiya mai buɗaɗɗen baki ka matse ta da filaya har ta rufe.

Ina ƙara waya ta biyar, ta ƙarfe, a ɗan sake, daga katakon gicciyen baya zuwa wani maƙali na daban. In ka cire fanka a ɗakin dekin, ƙugiyarta ta dace da wannan, domin a jikin rodi aka saba kafa ta. Fitila kuma, in ta faɗo a bayan allo, a matsar da ita gefe. Kada a bar ƙwai mai zafi ko mahaɗin waya a ɓoye a saman yadi.

Saurare, da abin da zai rage

Tun kafin ka fara aiki, ɗauki muryarka kana magana da tafi na rabin minti, ka sa alama a ƙasa inda ka tsaya da inda makirfo take. Yanzu maimaita a wuri ɗaya, da ƙarfin ɗauka ɗaya, ka saurari biyun da abin kunne. Zirrr ɗin tafi ya kamata ya tafi, murya ta matso kusa, kuma in ka zauna gaban sifiku ka ji mawaƙi ya tsaya cak a tsakiya. Mai son gani da ido yana iya sauke manhajar REW, kyauta ce, tana zana yadda ɗakin ke amsa kowane sauti.

Akwai abin da zai rage. Ɗaki mai tsayin mita 2.8 yana da gunjin kansa a wajen 61 Hz, tsakanin ƙasa da sama, kuma allo mai santimita 10 ba zai iya da shi ba. Wannan sai manyan tarkunan bes masu kauri a kusurwoyin ɗaki, har da kusurwar da bango ya haɗu da silin. Kada ganin haka ya sa ka bi silin duka ka rufe da siririn abu, sirarun sautuka za su mutu, gunjin ya zauna, ɗakin ya fi da muni.

Bayan mako ɗaya hau tsani ka sake duba layukan fensir da kowace ƙugiya. Ka sake dubawa a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, domin a lokacin katako ya gama bushewa ya tsuke, sukurun da ke da tauri a Oktoba za ka iya samun sa yana juyawa da yatsa. Ƙura kuma a share ta da burushi mai laushi, ba a bugun allo. Da ruwan farko ya sauka, ɗaga kai ka duba yadin. In ka ga tabon ruwa, a sauke allon a ranar, a gyara kwano, a buɗe yadin baya a shanya audugar ta bushe sarai, a duba ko katakon da sarƙa ke jiki ya jiƙe, sannan a sake gwajin jarka kafin a mayar.